Shekarar da Inna Ta Fuskanci Bango

Na san abin da kuka ji. Kun ji shi a gidajen biki, kun ji shi a bakin 'ya'yan kawunku Nasiru: wai uwarku ce ta tona wa Hausawan Dubai asiri, ta kai gidan Alhaji Tanimu gaban hukuma, ta sa aka rufe shi, aka kori wata baiwar Allah daga ƙasar. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma na san ba don ba kwa son sani ba ne, nauyina kuke ji. To irin wannan jin nauyin ne ya kusa kashe kakarku, saboda haka gara in rubuta muku da hannuna tun ina iyawa. Duk abin da suka ce na yi, na yi shi. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da na gani kafin in yi.

Ni ce 'yar farin Inna, kakar taku. Ku ba za ku gane nauyin wannan maganar ba, don ni ban yi muku irinta ba; yayarku Maryam tun tana goye nake kiran sunanta gatsau, har ana cewa ba ni da ta-ido. Inna kuwa mutuniyar da ce. Tana yaye ni aka kai ni wurin kakata, a can na girma. Har na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “waccan” ko “yarinyar nan”. In na shiga ɗakinta sai ta kau da kai, ta shiga gyara abin da ba ya bukatar gyara. In tana son in ci abinci ba za ta ce min ci ba, sai ta dubi ƙofa ta ce ga tuwo can yana hucewa ba mai ci. Ni kuma sai in ɗauko in ci, mun gama magana ke nan. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba ne, ni ma na sani. Amma kada in yi muku ƙarya, ina yarinya abin ya yi min ciwo, musamman in na ga Nasiru, autanta, ya haye gadonta yana wasa da ɗankwalinta tana dariya.

A shekarar da nake ba ku labari, ina da ɗan shagona na leshi da abaya a Al Buteen, bakin ruwan nan da ya raba Deira da Bur Dubai. Nasiru kuma yana harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya gida, a Al Quoz, yana kwana a ɗaki ɗaya da abokan aikinsa, iyalinsa suna Kano. Sana'ata ce ta ɓata ni, in ma ɓatawa ce. Mai sayar da yadi a Dubai in ba ta da zargi ba za ta kai baɗi ba. An sha nuna min kaya mai kyau a sama, in na warware bandir zuwa ƙarshe in tarar da tabo. Don haka ban taɓa sayen abin da ban juya bayansa ba, kuma in mutum ya cika yi min fara'a sai in fara tunanin me yake tsaye a kai. Babanku yakan ce ko ruwan sha aka miƙo min sai na ɗaga shi na duba a haske.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna a Kano, ɓarin hagu. Muka haɗa ƙarfi ni da Nasiru muka kawo ta Dubai. A asibiti an yi abin da za a yi, bakinta ya dawo, hankalinta garau, amma hannu da ƙafa ba sa motsi, ko juyawa a gado ba ta iyawa sai an juya ta. Likita ya ce za ta daɗe tana zuwa gashin ƙashi, kuma tana bukatar mai kula da ita ba dare ba rana. Na ce a kawo ta gidana, zan rufe shago. Inna ta dubi silin ta ce ita ba ta taɓa jin inda mace ta je ta kwanta a gidan surukinta ba, balle a ce 'yar fari ce za ta riƙa ɗaga mata zane. Magana ta ƙare. Ɗakin Nasiru kuwa ba wurin kai mace ba ne. A nan ne ya zo da maganar Alhaji Tanimu.

Babu Bahaushen da ya daɗe a Dubai bai san Alhaji Tanimu ba. Da rakiyar marasa lafiya asibiti ya fara, yana yi musu tafinta. In an yi mutuwa shi ne kan gaba wajen takardun gawa, in an kama yaron wani shi ake bugawa. Daga baya ya kama wani babban fulat a Bur Dubai, bayan kasuwar yadi, yana ajiye mutanenmu da aka sallama daga asibiti amma ba su isa komawa gida ba. Ana ce masa gidan jinya. Nasiru ya yi ta yabonsa.

“Yaya, wurin namu ne. Tuwo za ta ci, kunu za ta sha, da Hausa za a yi mata magana. Akwai nas, akwai komai. Ko so kike a kai ta inda za a riƙa yi mata Turanci tana kallonsu?”

Na ce, “Ka ga nas ɗin da idonka?”

“Alhaji Tanimu ne fa. Khalas, shi ke nan, Yaya, kada ki fara.”

Ban fara ba. Aka kai Inna. Ɗaki mai tsabta, gado a jikin bango, sabon labule. Mai aikin gidan wata mata ce 'yar Maraɗi, Ladidi, siririya, ba ta ɗaga ido. Alhaji Tanimu ya gaya mana dokar gidan cikin fara'a: ziyara bayan la'asar, kuma a buga waya kafin a zo, don kada a tarar da tsofaffi ba a kintse ba. Dokar ta yi daidai da tarbiyyarmu, ba wanda ya ga aibunta. Ni kaɗai ce dokar ba ta kwanta min ba, amma ban nuna ba.

Haka muka ɗauki makonni. Kullum na rufe shago sai in buga waya, in hau abra, ɗan jirgin ruwan nan na katako da ke tsallakar da mutane, in je. Tun daga matakala turaren wuta yake tarbata. Ni ma ina son turare, amma wannan ya wuce na ƙamshi, har ido yake shiga. In na shiga sai in tarar da Inna an lulluɓe ta da sabon zane har wuya, ta kwanta a ɓarin hagu tana fuskantar bango. In gaida ta, ta amsa wa bangon. In ce ya jiki, ta ce alhamdulillahi. Alhaji Tanimu yana tsaye a bakin ƙofa yana jan carbi, ba ya shigowa, ba ya tafiya. In na tambayi nas sai ya ce yanzun nan ta fita. In na tambayi gashi sai ya ce likita ya ce a ɗan dakata ƙarfinta ya dawo. Wata rana har da barkwanci ya tarbe ni.

“Hajiya, tsohuwa fa tana jin wayarki ta ce a juya ta, 'yar fari na tafe. Irin wannan kunya ai sai mutanen da.”

Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma a kan abra ina komawa sai maganar ta riƙa dawo min. Ban taɓa gaya masa ni 'yar fari ba ce, Nasiru ne ya gaya masa, ba laifi. Abin da ya dame ni shi ne yadda ya riga ni kawo bayanin abin da ban tambaya ba. A kasuwa in mutum ya ce miki wannan ninkin haka kamfani ya yi shi tun ba ki taɓa yadin ba, to a cikin ninkin nan matsalar take. Sannan na san Inna. Macen da ba ta iya kiran sunana, ba ita ce za ta buɗe baki ta ce wa namiji baƙo a juya ta don zan zo ba.

Ranar wata Juma'a na kira Nasiru gida cin abinci, na bari ya ƙoshi sannan na gaya masa raina bai kwanta da gidan nan ba. Ya ajiye cokali.

“Yaya, zarginki ya yi yawa. Yau Inna ta fara juya miki baya?”

Maganar ta soke ni, kuma ya san za ta soke ni. Sannan na ce, “In kai ka je, ina take kallo?”

“Ina take kallo kamar yaya?”

“Ƙofa ko bango?”

Ya ɗan yi tunani. “Bango. Amma ai ni a gefen ƙafarta nake zama, muna hira lafiya lau.”

“Nasiru, yaushe Inna ta fara jin kunyarka?”

Ya tashi yana faɗa, wai ni tun asali ba na son abin da ya kawo, wai ya tambayi Inna da bakinsa ta ce ana kula da ita, wai Alhaji Tanimu mutumin da ya wanke gawarwakin mutanenmu ne. Duk gaskiya ne. Amma matar da ɓarin jikinta ya mutu ba ta zaɓar inda za ta kalla. Inda aka ajiye ta nan take, kuma ni ban taɓa ganin an ajiye ta a wani ɓarin ba.

Washegari da hantsi ban buɗe shago ba, ban kuma buga waya ba. Na hau abra tare da masu zuwa aiki, kamar wadda za ta je sata. Babu turare a matakala. Da Ladidi ta buɗe ƙofa ta gan ni sai ta riƙe ƙofar, ta ce Alhaji ba ya nan. Na ce ai ba wurinsa na zo ba, na wuce. Warin da ya tarbe ni ba zan siffanta muku shi ba, kakarku ce. Daga wani ɗaki wani tsoho yana ta kiran a ba shi ruwa, da muryar wanda ya daɗe yana kira. Inna tana nan yadda na saba ganinta, a ɓarin hagu, fuska a bango, sai dai babu sabon zanen, an ninke shi an ajiye a kan kujera yana jiran la'asar. Zanen gadon ƙarƙashin ƙugunta ya jiƙe da wani ruwa mai launi.

Na tsaya a kanta. Ku fahimce ni, kunyar nan ba a ɓangarenta kaɗai take ba. Tun da aka yaye ni ban taɓa jikin Inna ba, ko ƙafarta ban taɓa matsawa ba. Na kasa ɗaga zanen. Na ce wa Ladidi ta ɗaga. Inna ta yi magana da bango a hankali.

“A bari. Ba komai.”

Na ce, “Ladidi, ɗaga.”

Gyambo ne a ƙugunta, irin wanda ke kama mutumin da ya daɗe a kwance ba a juya shi ba. Ya ci nama ya yi rami, an shafa masa zuma an rufe da auduga. Jikinta da zafi. Na juyo kan Ladidi da niyyar in ci mutuncinta, don tun farko ita nake zargi, macen da ba ta haɗa ido. Sai na ga tana tsaye tana kuka ba sauti.

“Mi zan yi, Hajiya? Ni ɗaya ce a gidan nan. Ni ke dahuwa, ni ke wanki, ni ke wanke su duka. Tsohuwa tana da jiki, in na zo juya ta ni kaɗai sai ta yi ƙara, sai ta ce in bari in je ga mai kira. Na ce ma Alhaji a kai ta asibiti wurin lokotoro, ya ce in an kai ta za su tambayi inda take kwana.”

“Nas ɗin fa?”

“Ba nas. Tun da na zo ban ga nas ba.”

Na kira motar asibiti, sannan na kira Nasiru. Kafin mu isa asibiti labari ya kai wa Alhaji Tanimu, ya riga Nasiru zuwa. Ya ja ni gefe a baranda, ya durƙusa a gabana, babban mutum da furfurarsa. Bai musa komai ba. Ya ce gidan ba shi da lasisi, ya nema abin ya fi ƙarfinsa, amma da ya bar mutanenmu a titi gara wannan. Ya ce in hukumar lafiya ta ji, za a rufe gidan, shi a ɗaure shi, Ladidi kuma bizarta ta daɗe da mutuwa. Sannan ya kawo shawararsa, a tsare, kamar ya daɗe da tanadarta.

“Hajiya, mu rufa wa juna asiri. In likita ya tambaya, ki ce a gidanki take, ke kike jinyarta. Faɗa kawai za su yi miki, a ce ba ki san yadda ake yi ba. Ni kuma wallahi zan gyara, inshallah zan nemo nas cikin satin nan.”

Nasiru ya iso ana cikin haka. Ya ga Inna, ya fito idonsa jawur. Na zaci zai shaƙe Alhaji Tanimu. Sai ya zo kusa da ni ya rage murya.

“Yaya, ki faɗi haka ɗin. Tunda dai mun ɗauke ta. Mu baƙi ne a ƙasar nan, in aka fara bincike ba a san inda zai tsaya ba. Rabin mutanen da nake yi wa kago a gidan nan iyayensu suka kwanta.”

Na yi tunanin abin, kada ku ce ban yi ba. Ƙarya ce ƙarama, kuma ta yi daidai da abin da kowa zai yarda da shi: 'yar fari ce, kunya ta hana ta duba jikin uwarta. Abin da ya ƙona min rai ke nan. Kunyar da aka lulluɓe gyambon da ita, ita ake so in yafa in ɗauki laifin. Kuma muryar tsohon nan mai neman ruwa ba ta bar kunnena ba. Da likita ta kira mu ciki, ta tambayi inda aka kwantar da mara lafiyar, Nasiru ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, na faɗi unguwar, na faɗi ginin, na faɗi hawan benen.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta zo daga hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen jinya. Ita ma ban yarda da ita ba. Na ce a raina, Alhaji Tanimu ya san kowa, za a kai mata turare da agogo, a rubuta cewa komai daidai ne, ni in tashi da baƙin jini a banza. Matar 'yar Sudan ce, kuma ashe kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa tsinto-tsinto. Ta zauna kusa da Inna ta gaida ta yadda ake gaida manya, sannan ta tambaye ta yadda aka kula da ita a wancan gidan.

Inna ta ce, “Alhamdulillahi. Sun yi ƙoƙari. Yarinyar tana da kirki.”

“Akwai abin da ya dame ki a can, Hajiya?”

“Babu. Ciwo ai na Allah ne.”

Nasiru ya dube ni, irin kallon kin ji ko. Matar ta gode wa Inna, ta fito da mu waje.

Ta ce, “Kakata ma haka take. Ba za ta taɓa kai ƙarar wanda ya wanke mata jiki ba. Na ji abin da ta faɗa, zan rubuta shi. Amma na ga ciwon, shi ma zan rubuta shi. Kuma gidan zan je in gani da kaina.”

Na ce, “Yaushe za ki je?”

Ta ce, “Ba ma faɗa.”

Wannan ce maganar farko da ta kwantar min da rai tun da aka fara. Suka je ba sanarwa, da safe. Abin da suka tarar ba ni na tsara shi ba: ba lasisi, ba ma'aikacin jinya ko ɗaya, magungunan mutane daban-daban a roba guda, tsohon nan ma da nasa gyambon a diddige. Aka rufe gidan. Alhaji Tanimu ya sha shari'a, daga baya ya tattara ya koma gida.

Ga abin da ya biyo baya, ba zan rage muku komai ba. Waɗanda ke gidan an kai wasu wurare masu lasisi, amma wasu iyalansu ba su da ƙarfin hakan, aka mayar da su Najeriya ba su gama magani ba. Har yau ban san yadda suka ƙare ba, kuma ina tunaninsu. Ladidi aka ce sai ta bar ƙasar. Na roƙi matar hukuma a kanta, ta ce ta rubuta cewa ba ita ce mai laifi ba, amma maganar biza ba a hannunta take ba. Na kai wa Ladidi kaya kafin ta tafi. Ta karɓa, ta ce ba ta riƙe ni a rai ba, ko ba komai yanzu za ta yi barci. Sannan ta ce yaranta ne dai ba ta san mi za ta ce musu ba.

A Al Buteen kuwa sai aka ɗauke min ƙafa. Matan da ke sauka daga jirgi su zarce shagona suka riƙa wucewa ta gabana suna kallon waya. In na shiga inda ake hira sai a koma maganar farashin kwantena. Aka ce ni 'yar rahoto ce, wai duk wanda bizarsa ta mutu ya yi hankali da ni. Nasiru ya rasa masu ba shi kaya da yawa, ya ɗora min. Tun daga shekarar, gaisuwar Salla ce kawai tsakaninmu, ita ma ta bakin matarsa. Ƙanena ne, ni na yi masa sayen baki da ya yi aure, kuma ina kewarsa. Amma bai taɓa cewa gyambon ƙarya ba ne, ku tambaye shi.

Da ciwon ya fara cikowa aka mayar da Inna wata cibiyar kula da tsofaffi mai lasisi. Babu tuwo, babu Hausa, sai 'yan mata 'yan Filifin da 'yan Indiya masu kiranta Mama. Abu na farko da na tambaya shi ne lokacin ziyara. Aka ce duk lokacin da na ga dama. Ban yarda ba, na riƙa zuwa musu a karkace, yau da hantsi, gobe da azahar, ina shinshina ɗaki, ina shafa zanen gado. Su biyu suke zuwa su juya ta, in na zo yanzu tana kallon taga, anjima tana kallon ƙofa. Ba cewa nake ba su da aibu. Sun taɓa barin ta da sanyin na'ura har ta yi tari, na yi magana, aka gyara ba tare da kowa ya ce na tona asiri ba. Wata rana ma na tarar da matar hukumar nan a can tana ɗaga katifar wani gado tana dubawa, shugabar wurin na biye da ita tana zufa. Ashe su ma ba a gaya musu ranar zuwa.

Inna ba ta taɓa ce min na kyauta ba, ba ta kuma taɓa ce min na yi laifi ba. In an juya ta ta ɓangaren ƙofa na shigo, sai ta sa hannunta mai lafiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na gane wannan, ita ce kunyar gaske, wadda ta yi da hannunta. In zauna in yi ta ba labule labarin kasuwa, ita kuma ta riƙa amsa wa labulen.

Ana saura kaɗan a mayar da ita Kano, na je da azahar. Tana kwance tana fuskantar taga, ta ba ni baya. Masu juya ta sun makara, ana fama da wani mara lafiya a ɗakin gaba. Na gaida ta, na zauna ina duban ƙofa, ina shirin tashi in je in yi musu magana. Sai na ji muryarta, tana magana da taga.

“Ɗakin nan ba kowa ne, da zai juya mutum?”

Na duba. Ba kowa a ɗakin sai ni. Na tashi na tsaya a kanta, ina jira ta ce a bari. Ba ta ce ba. Na yi yadda na ga 'yan matan suna yi, na lanƙwasa mata gwiwa, na sa hannu ɗaya a kafaɗarta ɗaya a ƙugunta, kusa da tabon. Jikinta da ɗumi, kuma ba ta da nauyin da na zata. Na juyo da ita a hankali ta ɓangarena, na sa mata matashi a baya. Mayafin yana nan kusa da hannunta mai lafiya, na ma tura mata shi don kada ta wahala. Ba ta ɗauka ba.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, “Ashe kin yi furfura.”